Urushalima a Ƙirji: Tarihin Tawilin Annabce-Annabcen Baibul Daga Iskandariyya Zuwa New York

Gabatarwa

Wanda duk ya shiga tsakiyar birnin Munster na ƙasar Jamus, ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar majami'ar Lambert, zai hangi wasu keji uku na ƙarfe a rataye bisa agogo. A watan Janairun 1536 aka zuba gawarwakin mutum uku a cikinsu don su zama izina ga na baya, kuma har yau kejin suna nan. Babba daga cikin mutanen wani tela ne ɗan ƙasar Holan mai suna Jan na Leiden. Shi da jama'arsa sun karanta littafin Wahayin Yahaya, wanda ke ƙarshen Baibul, suka tarar da alkawarin wata sabuwar Urushalima da za ta sauko daga sama, sai suka yanke cewa Munster ake nufi. A watan Fabrairun 1534 suka ƙwace mulkin birnin, suka kori wanda ya ƙi shiga tafarkinsu, daga baya telan ya zama sarki. Rundunar bishop ɗin yankin ta yi musu ƙawanya har yunwa ta ci ƙarfinsu. Birnin ya faɗi a watan Yunin 1535, aka yi kisan da ba shi da daɗin faɗa.

Littafin da ya kai waɗannan mutane keji, shi ne wasu masu karatu suka ɗauka, kafinsu da kuma bayansu, suka fahimce shi ta wata fuska dabam. A wurin waɗannan, birnin da zai sauko, da dabba mai kawuna bakwai, da tashin matattu, da ranar hukunci, duk al'amura ne da ke aukuwa a ƙirjin ɗan'adam lokacin da halinsa da ganinsa suka juya. Abin da za mu yi a wannan maƙala shi ne mu bi sawun wannan fahimta tun daga Iskandariyya ta ƙarni na farko har zuwa New York ta ƙarni na ashirin, mu ga dalilan da suka haife ta, da abin da ta tsirar, da abin da ta salwantar. Aikinmu na tarihin adabi ne. Hukunci a kan ingancin aƙida kuwa mun bar wa ma'abotansa.

Kalmomi uku za su riƙa maimaituwa. Ta farko ita ce annabci, wadda a nan muke nufin maganganun annabawan Baibul game da abin da zai zo. Ta biyu ita ce tawili, wadda almajiran tafsiri suka sani sarai, wato ɗaga lafazi daga zahirinsa zuwa wata ma'ana ta baɗini. Ta uku ita ce idon zuci, wato baiwar nan da mutum yake suranta abin da ba ya gabansa har ya gan shi kamar a tafin hannu. Abin lura shi ne, a fassarar Baibul ta Ingilishi ta shekarar 1611, kalmar da ke nufin wannan baiwa ta fi zuwa a wuraren zargi, inda ake maganar saƙe-saƙen muguwar zuciya. Saboda haka tarihin da za mu bayar, ta wani ɓangare, tarihin wata kalma ce da aka raina, wadda ta yi ta hawa har wasu suka kai ta matsayin da ya girgiza malaman addininsu.

Iskandariyya, Mafarin Hanya

A birnin Iskandariyya na Masar aka fara share wannan hanya, domin a nan ne littattafan Yahudawa suka haɗu da falsafar Girkawa. Filo, wani malamin Yahudawa da ya rayu a zamanin Annabi Isa, ya karanta littafin Farawa a matsayin taswirar rai. A wurinsa Adamu hankali ne, Hawwa'u gaɓoɓin ji da gani, maciji kuwa jin daɗi ne da ke bi ta gaɓoɓi ya yaudari hankali. Hijirar Ibrahim daga ƙasar Kaldiyawa ita ce fitar rai daga duban taurari zuwa sanin Mahalicci. Sai dai Filo ya ja wa kansa iyaka. Ya tsawata wa wasu 'yan'uwansa da suka ce tun da sun gane ma'anar Asabar da kaciya, ba sauran buƙatar kiyaye su. Ya ce zahirin doka kamar jiki ne, ma'anarta kamar rai, kuma mai hankali ba ya wulaƙanta jiki don yana da rai.

Wanda ya shigar da wannan salo cikin Kiristanci da ƙarfi shi ne Orijen, wanda aka haifa wajen shekarar 185. A littafinsa na tushen aƙidu ya ce nassi yana da jiki da rai da ruhu kamar yadda mutum yake da su. Yaƙe-yaƙen littafin Joshuwa, waɗanda suka dami masu karatu da yawa saboda yawan jinin da ke ciki, ya mai da su yaƙin mumini da hassada da fushi da kwaɗayin da ke zaune a zuciyarsa. Zangon arba'in da biyu da Bani Isra'ila suka yi a hamada ya mai da su matakan da rai yake takawa zuwa ga Ubangijinsa. Ya kuma yi suka ga waɗanda ke jiran wata Urushalima ta duwatsu masu daraja inda za a ci a sha a yi aure.

Masu jiran ba su yi shiru ba. Wani bishop na Masar mai suna Nefos ya rubuta littafi musamman don rushe hujjojin masu tawili, yana mai cewa mulkin shekara dubu da aka ambata a babi na 20 na Wahayin Yahaya zai tabbata a doron ƙasa. Littafin ya raba kan ikilisiyoyi a yankin Arsinoye. Diyonisiyus, almajirin Orijen kuma bishop na Iskandariyya, ya tafi can da kansa bayan rasuwar Nefos, ya zauna da dattawan ƙauyuka kwana uku, daga safe har yamma, ana warware littafin batu bayan batu, har jagoran masu jiran ya sauka daga ra'ayinsa. Tun a ƙarni na uku ke nan aka ja dagar da za a yi ta fafatawa a kanta. Shi Orijen bai tsira ba. An azabtar da shi a zamanin Sarki Desiyus, ya rasu wajen 254, sannan a taron malaman coci na Kustantiniyya na shekarar 553 aka sanya sunansa cikin jerin waɗanda aka la'anta.

Birni Ɗaya, Ma'ana Huɗu

La'antar mutumin ba ta kashe salonsa ba. A farkon ƙarni na biyar wani sufi mai suna Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna da masu zuhudu na hamadar Masar kafin ya koma kudancin Faransa, ya tsara abin cikin ƙa'ida. Ya ce kalmar Urushalima tana ɗauke da ma'ana huɗu: a tarihi birnin Yahudawa ce, a alamce jama'ar masu bi ce, a fuskar lahira birnin sama ce, a fuskar tarbiyya kuwa ran kowane mutum ce. Wannan rabo ya mallaki makarantun Turai shekaru wajen dubu. Hikimar da ke cikinsa ita ce ma'anonin huɗu suna zaune tare, babu wadda ta kori 'yar'uwarta. Haka kuma Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, a littafinsa Birnin Allah da ya kammala a 426, ya fassara tashin farko da Wahayin Yahaya ya ambata da tashin rai daga mutuwar zunubi tun a nan duniya.

Daga baya aka sami waɗanda suka rinjayar da ma'ana ta huɗu a kan sauran. Mashahuri a cikinsu shi ne Maista Eckhart, malamin ɗariƙar Dominikawa a Jamus, wanda ya riƙa yi wa talakawa wa'azi da harshensu cewa haihuwar Almasihu ba za ta amfani mutum ba matuƙar ba ta auku a cikin ransa ba. A shekarar 1329, bayan rasuwarsa, Fafaroma Yohanna na 22 ya fitar da takarda yana sukar jimloli 28 daga maganganunsa. Amma ya kamata mu lura da cewa Eckhart bai ɗaukaka idon zuci ba. Shi a ganinsa sai rai ya wofinta daga kowace irin sura kafin haihuwar ta auku. Ɗaukakar surantawa sai da aka jira wani mai ɗinkin takalma.

Baduku da Masanin Ma'adinai

Yakubu Boehme, wanda aka haifa a 1575, baduku ne a garin Gorlitz na gabashin Jamus. An ruwaito cewa a shekarar 1600 hasken rana ya faɗa a kan wani kwanon kuza a ɗakinsa, ya ƙura masa ido, sai ya ji kamar an buɗe masa asirin halitta. Bayan shekara goma sha biyu ya rubuta littafinsa na farko, wanda aka fi sani da Aurora, wato Ketowar Alfijir. Babban limamin garin, Gregor Richter, ya kai ƙararsa, hukumar gari ta hana shi rubutu a 1613. Ya yi shiru na wasu shekaru, sannan ya ci gaba har rasuwarsa a 1624, lokacin da Yaƙin Shekara Talatin yake cin Jamus, kowane ɓangare yana kiran ɗaya Babila.

Sabon abin da Boehme ya kawo shi ne cewa surantawa ƙarfi ce mai haifar da abu. Duk abin da rai ya zuba wa idon zuci, siffarsa yake ɗauka. Adamu ya faɗi ne domin ya mai da idon zucinsa ga abin ƙasa har ya zama na ƙasa, kuma sabuwar haihuwa tana samuwa ne idan mutum ya juyar da wannan ido ga ƙaunar Allah. Aljanna da wuta, in ji shi, ba wurare ne da rai zai yi tafiya zuwa gare su ba, suna cikinsa tun yanzu, mutuwa tana yaye labule ne kawai. An fassara littattafansa zuwa Ingilishi a tsakiyar ƙarni na sha bakwai, daidai lokacin da Ingila take cikin yaƙin basasa da zazzaɓin jiran ƙarshen zamani. A wannan zamanin ne 'yan ƙungiyar Kwaika suka riƙa cewa Almasihu ya riga ya dawo a cikin zukata. Wani daga cikinsu, James Nayler, ya shiga Bristol a kan doki a 1656, mabiyansa suna shimfiɗa tufafi a gabansa, don ya alamta Almasihun da ke cikinsa. Majalisar dokoki ta sa aka yi masa bulala, aka huda harshensa da jan ƙarfe, aka yi masa lalas a goshi. Ashe tawili ma yana da nasa kejin.

Na biyu shi ne Emanuel Swedenborg, ɗan ƙasar Suwidin, wanda aka haifa a 1688. Masanin kimiyya ne da ya daɗe yana aiki a hukumar ma'adinai ta ƙasarsa. Tsakanin 1744 da 1745 ya shiga wani hali na mafarkai da gane-gane, ya ajiye kimiyya ya koma tawili. Ya ce kowane abu na zahiri yana da takwaransa na ruhu: haske gaskiya ne, zafi ƙauna, doki fahimta. Da wannan mabuɗi ya warware Farawa da Fitowa cikin juzu'i takwas da aka buga a Landan daga 1749 zuwa 1756. Ya kuma yi iƙirarin cewa hukuncin ƙarshe ya riga ya auku a duniyar ruhohi a shekarar 1757, shi ma ganau ne, kuma sabuwar Urushalima sabuwar fahimtar addini ce da take saukowa cikin hankulan mutane. A wannan shekara ta 1757 aka haifi William Blake.

William Blake

Ɗalibai da yawa sun san Blake ta gajerun waƙoƙinsa na ɗan rago da damisa. Kaɗan ne suka san cewa ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana rubuta dogayen waƙoƙi a kan salon annabawan Baibul. Ɗan mai sayar da safa ne a unguwar Soho ta Landan. Bai yi makarantar boko ta ƙa'ida ba, ya yi shekara bakwai yana koyon sassaƙa hoto a kan farantin tagulla a wurin James Basire. Daga 1788 ya ƙago hanyar rubuta waƙa da zana hotonta a faranti ɗaya, ya buga da hannunsa, shi da matarsa Catherine su shafa launi. A watan Afrilun 1789 su biyun suka halarci babban taron farko na mabiya Swedenborg a Landan. Ba a daɗe ba ya juya wa malamin baya, ya yi masa zambo a littafinsa na Auren Aljanna da Wuta, inda ya fifita Boehme a kansa.

Dole mu tuna irin zamanin da yake ciki. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya sa mutane da yawa a Ingila suka buɗe Daniyel da Wahayin Yahaya suna lissafin kwanaki. Richard Brothers, wani tsohon hafsan sojan ruwa, ya yi shelar cewa shi zai jagoranci Bani Isra'ila zuwa Falasɗinu, hukuma ta kama shi a 1795 ta tsare shi a gidan mahaukata. Joanna Southcott ta tara dubban mabiya, ta ce tana ɗauke da cikin wanda aka alkawarta tana da shekara 64, ta rasu a 1814 ba tare da haihuwa ba. Blake ya ƙi wannan hanya. A bayanan da ya rubuta a gefen wani littafin Bishop Watson a 1798, ya ce annabi ba mai duba ba ne. Da a ce faɗin abin da zai faru shi ne annabci, to da Yunusa ya faɗi jarrabawa, tun da Nineba ba ta halaka ba. Annabi a wurinsa mutum ne mai gaskiya da ke gaya wa jama'arsa cewa in suka ci gaba a kan wannan turba ga inda za ta kai su. Wato dai abin da Bahaushe ke cewa wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

A bayanin da ya rubuta a 1810 game da wani zanensa na ranar hukunci, ya ce duk lokacin da mutum ya yar da ɓata ya rungumi gaskiya, to hukuncin ƙarshe ya auku a kansa. A nan ne kuma ya kawo misalin rana: wani yana ganin fitowarta kamar ƙwandalar zinariya, shi kuwa yana ganin rundunar mala'iku suna tasbihi. Idon nama a wurinsa taga ce, ba ita ke gani ba. Ya kai matuƙa a ƙarshen rayuwarsa inda ya kira idon zuci jikin Almasihu na har abada, wanda kowane mutum gaɓa ne a cikinsa.

Babban aikinsa shi ne Jerusalem, faranti ɗari, wanda ya sanya wa shekarar 1804 amma bai kammala ba sai wajen 1820. Jigonsa shi ne wani ƙato mai suna Albion, wanda yake wakiltar Ingila da kuma ɗan'adam baki ɗaya. Albion ya juya wa hasken Allah baya, ya kori Urushalima, wadda a waƙar mace ce kuma ita ce 'yancinsa, ya faɗa barcin mutuwa. Wani maƙeri mai suna Los, wanda shi ne idon zuci, ya tsaya a bakin maƙera yana bugun ƙarfe dare da rana don kada hasken ya mutu. Albion bai farka sosai ba sai da ya jefa kansa cikin tanderun wahala domin abokinsa, nan take tanderun ya zama maɓuɓɓugar ruwa. Ƙofar birnin a wurin Blake ita ce yafe wa juna laifi.

Duk da haka idonsa na nama bai rufe ba. Ya yi waƙa a kan yara masu share bututun hayaƙi, da sojoji, da karuwan Landan. Ya sassaƙa hotunan azabar da ake yi wa bayi baƙar fata a Surinam don littafin John Stedman na 1796. A 1803 wani soja mai suna Schofield ya zarge shi da zagin sarki, aka gurfanar da shi a Chichester a Janairun 1804, kotu ta wanke shi. Baje kolin zanensa na 1809 bai yi kasuwa ba, wata jarida ma ta kira shi mahaukaci. Kofe ɗaya tak na Jerusalem ya yi wa launi gaba ɗaya, kuma bai sami mai saye ba har ya rasu a ranar 12 ga Agustan 1827. Sai a 1863, da aka fitar da tarihin rayuwarsa wanda Alexander Gilchrist ya rubuta, aka fara waiwayarsa. Manazarci M. H. Abrams ya nuna a 1971 cewa abin da ya sami Blake ya sami tsararrakinsa irin su Wordsworth da Coleridge: da juyin Faransa ya rikiɗe ya zama yanka da mulkin Napoleon, sai suka kwashe begen sabuwar duniya daga fagen siyasa suka mai da shi fagen idon zuci.

Neville Goddard

Zango na ƙarshe yana Amurka. A can ma an sha ɗacin lissafin kwanaki, domin dubban mabiya William Miller sun jira dawowar Almasihu ranar 22 ga Oktoban 1844, gari ya waye ba abin da ya faru. A wannan ƙarni ne kuma aka sami wata tafiya da ake kira Sabon Tunani, wadda ta faro daga Phineas Quimby, mai cewa cuta daga gurɓataccen tunani take. Ɗaya daga cikin marubutanta na farko, Warren Felt Evans, mabiyin Swedenborg ne. A 1931 ƙungiyar Unity ta Charles Fillmore ta buga ƙamus guda da ke ba kowane suna na Baibul ma'anarsa a cikin ran mutum.

A wannan kasuwa Neville Goddard ya baje hajarsa. An haife shi a tsibirin Barbados a 1905, ya zo New York a 1922 don koyon wasan kwaikwayo, ya yi sana'ar rawa a dandamali. Ya ce ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a wurin wani malami baƙar fata mai suna Abdullah. Ya fara lacca a 1938, littafinsa na farko ya fito a 1939. Koyarwarsa ba ta da kwana-kwana: Baibul ba tarihi ba ne ko kaɗan, wasan kwaikwayo ne da ke gudana a cikin ran mai karatu, kuma abin da littafin yake kira Allah shi ne idon zucin mutum. Almajirai sha biyu siffofin hankali ne guda sha biyu. Ishaku makaho da ya shafa Yakubu ya sa masa albarka a maimakon Isuwa, shi ne mutumin da ya rufe ido ga halin da yake ciki, ya shafa abin da yake buri har ya ji shi kamar gaske. Daga nan ya fitar da dabara: idan barci ya fara ɗaukar mutum, sai ya suranta wani ɗan taƙaitaccen yanayi da ke nuna buƙatarsa ta riga ta biya, ya yi ta maimaita shi har barci ya kwashe shi. Ya kira wannan Doka, yana kuma yawan kafa hujja da Blake, musamman wurin da Blake ya suranta kansa yana cin abinci da Ishaya da Ezekiyel, ya tambayi Ishaya ko sakankancewa tana tabbatar da abu.

A 1959 al'amarinsa ya sauya. Ya ce wata rana da dare a San Francisco ya ji ya farka a cikin ƙoƙon kansa kamar wanda aka rufe a kabari, ya fito ta ƙasansa, ya ga jariri a naɗe cikin tsumma. Ya fassara wannan da cewa Golgota, wadda ma'anarta ƙoƙon kai, ita ce kan kowane mutum, kuma tashi daga matattu da haihuwa daga sama abu ɗaya ne da zai sami kowa a lokacinsa. Ya kira wannan Alkawari, ya ce ba a samunsa da dabara. Littattafansa na 1961 da 1966 sun karkata ga wannan. Jama'ar da ke cika zaurensa don neman gida da aiki da aure suka ragu, shi kuwa bai fasa ba har ya rasu a Los Angeles a 1972. Faya-fayan laccocinsa sun sake bazuwa a zamanin intanet, amma Dokar ce ta fi yawo, Alkawarin ya zama saniyar ware.

Riba da Asara

Idan muka ɗora wannan tarihi a ma'auni, ribar a fili take. Mai neman Babila a cikin ƙirjinsa ba ya ɗaukar takobi ya nufi garin maƙwabta, kuma ba ya sayar da gonarsa don an sanya ranar tashin duniya. Tawili ya kuma ba adabin Turai wata taska ta alamtarwa da mutuntarwa wadda mawaƙa suke ɗiba har yau.

Asarar ma ba ƙarama ba ce, kuma an daɗe da hango ta. Malaman Antakiya, irin su Tiyodor na Mopsuestiya da ya rasu a 428, sun ce mai tawili yana rushe tarihi ya gina mafarkinsa a kan kufai. A muƙabalar Barcelona ta 1263, malamin Yahudawa Nahmanides ya kafa hujja da cewa annabawa sun yi alkawarin ƙarewar yaƙi a duniyar da ido ke gani, ga shi kuwa duniya cike take da makamai. Amos da Ishaya sun yi magana a kan ma'aunin algus, da cin hanci a wurin shari'a, da haƙƙin maraya da gwauruwa. Idan aka mai da marayan wata siffa ta rai, wa zai ciyar da marayan da ke bakin ƙofa? Nan ne Dokar Goddard ta fi rauni, domin idan duk abin da ya sami mutum idon zucinsa ne ya haifar, to talaka shi ya jawo wa kansa talauci, azzalumi kuwa ya fita ba ko ƙwarzane.

Masu karatunmu da suka san littattafan Imam Gazali za su tuna cewa ya fuskanci irin wannan matsala a nasa fagen. A Mishkatul Anwar ya kawo umurnin da aka yi wa Annabi Musa na tuɓe takalmansa a kwari mai tsarki. Ya yarda cewa akwai ishara a ciki zuwa ga yar da duniya da lahira daga zuciya, amma ya ce Annabi Musa ya tuɓe takalman na ƙafa tukuna. Mai soke zahiri da mai soke baɗini duk masu ido ɗaya ne a wurinsa. Wannan ita ce iyakar da Filo ya ja tun farko, ita ce kuma Kasiyan ya kiyaye da ya bar wa Urushalima ma'anoninta huɗu.

Kammalawa

Mun ga yadda wata fahimta ta taso daga Iskandariyya, ta ratsa ɗakunan sufaye, ta shiga rumfar baduku da ofishin masanin ma'adinai, ta kai ƙololuwa a hannun mai sassaƙa na Landan, sannan ta sauka a zauren lacca na Amurka. A kowane zango ma'anar ciki tana ƙara faɗi, ta waje tana ƙanƙancewa, har aka kai inda ba sauran komai sai mai mafarki da mafarkinsa. A ra'ayinmu Blake ne ya fi kusa da riƙe igiyar ta kai biyu, kuma shi ya fi cancanta matasan marubutanmu su nazarta.

Shaidarmu ita ce aikinsa na kusa da ƙarshe, wato hotuna 21 na littafin Ayuba da aka buga a 1826. A hoton farko Ayuba da iyalinsa suna zaune a gindin wata babbar itaciya, littattafai a buɗe bisa cinya, kayan kiɗa kuwa suna rataye a rassa ba mai taɓa su, rana tana faɗuwa. A hoton ƙarshe, bayan duk jarrabawar, itaciyar tana nan, tumakin suna nan, iyalin suna nan. Amma kowa ya miƙe tsaye, an sauko da kayan kiɗan ana busawa ana kaɗawa, rana tana fitowa. Kafin a kai ga wannan hoto, Blake ya sanya wani inda Ayuba yake tsaye gaban bagadi yana yi wa abokan nan nasa uku addu'a, waɗanda suka zauna suna ɗora masa laifin masifarsa.